Fansar Gida Kafin Suna

A bayan garin Kura, daf da kanal ɗin da ke kai ruwa gonakin rani, akwai wani gida mai zaure ɗaya amma magidanta biyu. Mai gidan na asali Maharazu ne, manomin rani mai eka ɗaya da 'yar ɗoriya, wanda ya gaji gidan daga mahaifinsa. Tun da aka kawo ruwan madatsar Tiga ƙasar unguwar ba ta ƙara bushewa sosai ba. Damshi ya riƙa cin gindin gini a hankali, har a daminar 1984 ɗakuna biyu na gaba suka zube rana ɗaya. Allah ya kiyaye babu kowa a ciki sai buhunan taki.

Maharazu ya tashi gini, ya kai rabi kuɗi suka ƙare. A lokacin ne ya haɗu da Titus, wani makaniken tarakta mutumin Filato, da ke neman wurin zama da iyalinsa. Titus ya ba shi naira ɗari shida, aka yi jingina a gaban mai unguwa. Sharaɗin shi ne Titus zai zauna a ɗakunan biyu ba haya har shekara biyar, amma duk ranar da Maharazu ya mayar da kuɗin, ɗakunansa sun dawo hannunsa. Da kuɗin nan aka ƙarasa ginin da bulo, aka yi rufin kwano. Maharazu da matarsa Barira suka ci gaba da zama a ɗaki ɗaya na ƙurya, mai rufin azara.

Zaman ya yi daɗi fiye da yadda kowa ya zata. An ja 'yar katanga tsakanin sassan biyu, amma ba ta wuce ƙirjin mace ba, don haka ta zama wurin miƙa gishiri da garwashi da labari. Paulina matar Titus tela ce, tana da keken ɗinki da 'yarta ƙarama Ann, kowa Maman Ann yake ce mata. Barira kuwa turara shinkafa take yi wa 'yan kasuwa: su kawo mata da ɓawonta, ta jiƙa, ta turara, ta shanya, su biya ta ladan aiki su kai inji.

Shekara huɗu da aure Barira ba ta samu ciki ba. Sai a sanyin shekarar da aka hana shigo da alkama daga waje, wata safiya ta miƙo wa Paulina kwanon miya ta kan katanga, ta kawar da fuska tana toshe hanci.

Paulina ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Ke, yaushe kika fara gudun daddawa?"

Barira ta sunkuyar da kai tana murmushi. Paulina ta saki shewar da sai da kajin maƙwabta suka watse. Da labarin ya kai kunnen Maharazu, sai ya saɓa fartanya ya tafi gona. Sai da rana ta take ya lura ashe fangalin maƙwabcinsa yake ta bai wa ruwa, nasa na nan a bushe.

Ba a yi mako biyu ba yayan Barira, Ibrahimu, ya zo daga Bunkure da saƙon mahaifiyarsu, Iya Tambaya. Bisa al'ada haihuwar fari a gidan iyaye ake wankanta, to amma tun rasuwar mijinta Iya a gidan Ibrahimu take, ɗaki ɗaya ita da jikoki, ko wurin shimfiɗa tabarma ta biyu babu. Saboda haka ta ce ita za ta zo Kura ta yi wa 'yarta wanka, a shirya mata wurin kwana.

Bayan Ibrahimu ya tafi, Maharazu ya zauna a kan turmi yana kallon ɗakinsu ɗaya da rumfar girki. Barira na juya shinkafa a kan tabarma, ta ce ba tare da ta ɗago ba, "Malam, me zai hana mu fanshi ɗakunanmu bana?"

Ya ce, "Da me? Saura shekara biyu wa'adi ya cika. Ga kuma hidima na tafe."

"Da kuɗin hidimar."

Ya yi dariya, a zatonsa wasa take. Ya fara jero mata abin da ke gabansa: rago, turamen atamfa na fitar suna, itacen wankan jego, ƙauri, goro, kayan jariri, kayan yaji. Ya ce, "Haihuwar fari ce fa, Barira. Abokaina su ga na yi ƙwauro? Ai sai a sa ni a waƙa."

Ta ajiye tsintsiyar hannunta ta ce, "Jariri bai san atamfa ba, Malam. Nono ya sani da ɗumi. Rago dole ne, to a sayi ƙarami yanzu in kiwata shi. Itace kuwa, da me nake turara shinkafa? Ba da ɓuntu ba? Ga shi can jibge a bayan inji, roƙon mutane ake su kwashe. Atamfa ina da turmi guda a akwati tun na lefe, almakashi bai taɓa shi ba. Yaji da kaina zan daka. Kai dai ka riƙe abin da gona ta bayar, kada ka taɓa."

Maganar ta shigi Maharazu, amma akwai inda ta tsaya masa. Ya ce, "To Baban Ann fa? Mutumin da ya tsamo ni ranar da nake tsaye cikin ɓaraguzai, shi zan je in ce wa ga kuɗinka, tashi ka ba ni wuri? Da wane baki?" Ya rage murya ya dubi katanga. "Mu fara tarawa tukuna. Amma kada ki kuskura Maman Ann ta ji."

Barira ta ce, "To."

Washegari, Maharazu na fita ta leƙa katanga ta kwashe komai ta faɗa wa Paulina. Tana tsammanin za ta ga fuskar ƙawarta ta canza, sai ta ga Paulina ta dafe ƙirji tana dariya har da hawaye. Ashe Titus ya sayi fili a bakin titi tun bara, gini ya kai linta, kuɗin kwano ne ya gagara. Tun da darajar naira ta faɗi, bandir ɗin kwano kullum sai ya ƙara kuɗi. Ba abin da yake so irin kuɗinsa su dawo, amma ya rantse ba zai buɗe baki ya tambayi mutumin da matarsa ke da ciki ba. Shi ma ya ja wa Paulina kunne kada Barira ta ji.

Matan biyu suka yi shawara a kan katanga, suka yanke su bar mazan a duhu. Paulina ta ce idan Titus ya ji zai je ya ci bashin kwano kafin kuɗi su zo. Barira ta ce idan Maharazu ya ji hankalinsa zai kwanta, ya fara sayen abin da ba a aike shi ba. Ban da haka ma, kowacce sai ta amsa laifin sakin baki.

Ran kasuwar Bunkure Maharazu ya dawo da wani ɗan rago ramamme, ana ƙirga haƙarƙarinsa daga nesa, kunne ɗaya a karye. Barira ta zagaya shi ta ce, "Wannan sadaka aka ba ka ko tsintuwa ka yi?" Amma ta ɗaure shi a inuwa, ta shiga ba shi dusar shinkafa da ɗan gishiri da ruwan tsari, Maharazu kuma kullum ya dawo daga gona da dami na ɗanyar ciyawar bakin kanal. Ɓuntu kuwa a keke ya riƙa jido shi, buhu bayan buhu, har ya cika bayan rumfa.

Kayan jariri a sashen Paulina aka yi su. Ta fito da rigunan Ann na jarirai da ta adana, aka wanke aka goge. Barira ta zazzage akwatinta ta ware tsofaffin zannuwa waɗanda wanki ya tausasa, Paulina ta yanka ta ɗinka 'yan riguna da huluna da zanen goyo. Da aka zo kan nafkin, Paulina ta je gidan burodi ta sayo buhunan fulawa na yadi a kan kuɗi kaɗan. Suka farke su, suka dafa da toka da sabulu, suka shanya a rana har suka yi fari tas. Hoton zangarniyar alkama da ke tsakiyar kowane buhu ne kawai ya ƙi fita, ya dai dushe.

Da tumatir ya nuna, sai kasuwa ta faɗi warwas. Kowa a yankin tumatir ya shuka, kuma duk ya nuna lokaci guda. Kwanduna suka yi layi a bakin titi tun daga Kadawa, motocin Kudu ba su isa ba, har ta kai kuɗin kwandon ya fi na abin da ke cikinsa. Maharazu ya wuni a bakin titi, ya dawo da la'asar ya zube a tabarma ya ce, "Shi ke nan, Barira. Maganar fansa sai wata shekara."

Ta ce, "Kwaso min shi gida."

"Ki yi me da shi? Miya?"

"Kauɗa. Bari damina ta faɗi ka ga yadda za a neme shi."

Haka aka yi. Ya ɗauko amalanke ya riƙa kawowa, Barira da Paulina da wasu mata biyu na maƙwabta suka zauna da wuƙaƙe suna tsagawa, shi kuma yana shanyawa a kan rufin kwano da bayan gida da duk inda rana ke sauka. Gidan ya yi ja wur, tsamin tumatir ya kama ko'ina, hannayen matan suka yi zafi. Titus ya dawo daga aiki ya tarar da rufin ɗakinsa ya koma mashanya, ya cire takalmi ya hau yana taya juyawa, bai tambayi dalili ba. Da kauɗar ta bushe aka ɗura a buhuna aka jera a zaure. Alkamar da Maharazu ya shuka a rabin gonar kuwa ta yi kyau, ta kuma yi kuɗi, tun da masu fulawa har gona suke biyo ta. Ya sayar, ya miƙa wa Barira kuɗin ta ɓoye.

Kuɗi na taruwa, kunyar Maharazu na ƙaruwa. Da can shi da Titus kan zauna a ƙofar gida da yamma suna jin rediyo suna gardamar ƙwallo. Yanzu idan ya jiyo ƙarar keken Titus sai ya tuna yana da wani uzuri a masallaci. Titus kuma, da yake abin da ke ransa shi ma yana damunsa, idan ya hango Maharazu a zaure sai ya juya ya ce ya manta sifana a gareji. Kowannensu ya ɗauka ɗan'uwansa ya gano shi ne yake fushi. Matan na kallo ta kan katanga suna ƙunshe dariya.

Damina ta faɗi, ɗanyen tumatir ya ɓace daga kasuwa, masu saye suka fara sallama a ƙofar gida suna tambayar kauɗa. Barira ta hana a sayar sai da farashi ya yi yadda take so. Shi kuwa rago ya zama wani abu dabam: wuya ya cika, ƙaho ya murɗe, ba ya jin tsawa, Barira kaɗai yake saurara wa.

Wata Lahadi da hantsi Maharazu ya ja shi bakin babban kanal ya ci ciyawa. Ragon ya hango tumaki a ɗaya gefen, ya fizgi igiya ya nufi ɗan siririn katakon da ake tsallakawa. Ƙafarsa ta zame, ya faɗa ruwa tsundum. Maharazu da igiyar ke naɗe a hannunsa ya bi shi. Gefen kanal ɗin siminti ne mai gansakuka, ba wurin kamawa, ruwa kuma na tafe da ƙarfi. Ya riƙe ƙahon ragon da hannu ɗaya, yana shan ruwa yana salati, suna gangarawa.

Titus na dawowa daga coci a kan keke, sanye da fararen kayansa na Lahadi. Ya ga hula na yawo a kan ruwa, sannan ya ga mai hular. Ya yar da keke ya ruga gaba zuwa inda ƙofar ƙarfe ta raba ruwa, ya kama ƙarfen da hannu ɗaya ya sauka har ƙirji. Da suka iso ya cafki rigar Maharazu. Da ƙyar da tura da ja suka fitar da ragon, sannan suka fito da kansu. Ragon ya girgije jikinsa ya ci gaba da cin ciyawa kamar ba shi ba.

Suka zauna a bakin kanal suna haki, ruwa na zuba daga jikinsu. Titus ya matse rigarsa ya ce, "Malam Maharazu, tun da yau Allah ya haɗa mu inda ba mai iya gudu, gaya mini. Me na yi maka? Watanni ke nan kana ganina kana canza hanya."

Maharazu ya ce, "Ni ke canza hanya? Kai fa da kullum sifana ke ɓace maka?"

Maharazu ya dubi ruwa ya ce, "Baban Ann, ka yafe ni. Kuɗinka nake tarawa. Surukata za ta zo wanka, ba ni da inda zan sa ta. Na rasa yadda zan dube ka in ce ina son ɗakunan, bayan abin da ka yi mini. Ga shi yau ka ƙara."

Titus ya buɗe baki ya kasa rufewa. Ya ce, "Kuɗina? Bana?"

"In Allah ya yarda, cikin watan nan."

Titus ya kwanta rigingine a kan ciyawa ya fashe da dariya, yana buga ƙafa. Da ya samu numfashi ya ba shi labarin fili da linta da kwanon da ke gudu yana bin sa. Ya ce, "Ni da nake addu'a kullum Allah ya huwace maka, amma in na gan ka sai kunya ta kama ni, kamar ka ji abin da nake roƙo!"

Suka taho gida tare, ɗaya na jan rago ɗaya na tura keke, kowa na ɗiga. A tsakar gida suka tarar da matan a bakin katanga, Paulina na sa maɓalli a wata 'yar riga, Barira na tsince barkono. Titus ya gyara murya ya ce suna da babban labari. Matan suka saurara har ƙarshe. Sannan Paulina ta cije zare ta ce, "Wannan ai tun sanyi muka gama shi. Ku je ku canza kaya kada mura ta kama ku."

Da aka sayar da kauɗa aka haɗa da kuɗin alkama, sai aka ga saura kaɗan kuɗin su cika. Titus ya ce a bar shi, Maharazu ya ƙi. Barira ta ɗauki adashinta na turara ta cike. Ranar Juma'a bayan an sauko, suka je ƙofar mai unguwa da shaidun da aka yi jinginar a gabansu, Maharazu ya miƙa, Titus ya karɓa, aka shafa fatiha. Maharazu ya ce wa Titus su zauna har su gama rufi, ba mai korarsu. Ya dawo gida aljihu fayau, amma ya kasa zama. Sai zagaya ɗakunan yake yana shafa bango, har Barira ta ce idan ya gama gaisawa da bulo ga abincinsa nan yana hucewa.

Iya Tambaya ba ta jira a aiko mata ba. Ta sauka daga a-kori-kura da ƙullin kayanta da babbar tukunyar wanka da ƙwaryar kanwa, cikin Barira na wata tara. Paulina ta kwashe kayansu suka takura a ɗaki ɗaya, aka share ɗayan aka shimfiɗa wa Iya.

Da gari ya waye Iya ta ce a fito mata da kayan haihuwa ta gani. Ta ɗaga 'yar riga ta farko ta juya ta, ta ce, "Wannan ba zanen da na ba ki ba ne tun kina budurwa?" Ta ɗaga nafkin ta kai shi hasken rana, ta ga zangarniyar alkama. Ta tambayi itace, aka nuna mata tarin ɓuntu. Ta tambayi atamfa, aka nuna mata turmi ɗaya.

Iya ba ta yi wa surukinta magana kai tsaye, saboda kunya. Don haka ta fuskanci tukunyar wanka, ta ɗaga murya yadda na zaure zai ji, ta ce, "Ikon Allah! 'Yata mace guda ɗaya tilo, haihuwar fari, a naɗe mini jika a buhun fulawa kamar burodi! A garinmu ko marainiya ana yi mata turmi uku." Maharazu da ke zaure ya sulale ya tafi gona ba tare da ya karya ba.

Barira ta bari sai da Iya ta sauke, sannan ta ce a hankali, "Iya, jiya kin yi barci?"

"Na yi mana. An yi ruwa ma ban sani ba sai da safe."

"To atamfar da kike nema ita ce kika kwana a cikinta. Da itacen, da kayan kanti. Ɗakin nan a jingine yake, saura shekara biyu. Da Malam ya ji za ki zo ya fanshe shi."

Iya ta ɗaga kai ta dubi rufin kwano, ta dubi daɓen siminti, ta dubi taga mai ƙyaure. Can ta jawo ƙwaryar yajin da Barira ta daka, ta lasa, ta ce, "Kimba ta yi kaɗan. Miƙo min turmi." Da yamma Maharazu ya dawo ya tarar da kwanon fura a zaure, damun Iya, an rufe da faifai.

Ranar da aka sa za a yi wa Titus rufi, Maharazu ya tafi gayya tun da sassafe. Yana kan gini yana karɓar kwano naƙuda ta kama Barira. Iya ta aika aka kira ungozoma, Paulina ta hura ɓuntu ta ɗora ruwa. Kafin azahar an sauka lafiya. Paulina ba ta yarda ta aiki kowa ba, da kanta ta taho da gudu har bakin titi, ɗankwali a hannu, tana kira tun daga nesa, "Mace ce! Mace ce! Duk suna lafiya!"

Masu aiki suka ɗauki barka. Maharazu ya ce, "Alhamdu lillahi," ya sunkuyar da kai, don ba a rawar kai a kan ɗan fari. Ya ɗauki ƙusa ya ce a miƙo kwano na gaba. Ya ɗaga guduma ya sauke ta a kan babban yatsansa. Titus ya ƙwace gudumar ya ce, "Sauka ka tafi, kafin ka huda mini rufi." Ya sauka a natse, ya yi tafiyar dattako har ya sha kwana. Waɗanda ke kan rufi suka hango shi daga nan ya tattare riga ya zura da gudu.

Ran suna aka raɗa wa yarinya Ummulkhairi. Ragon da aka yanka sai da mahauci ya tambayi inda aka sayo shi, nama ya ishi gida da maƙwabta har aka aika Bunkure. Abokan Maharazu da yake tsoron bakinsu suka zo da gudummawar goro da shinkafa, ba wanda ya ƙirga turame. Ɗaya daga cikinsu ma, da ya ji an fanshi gida, ya ja shi gefe yana tambayar yadda aka yi, don shi ma gonarsa na hannun wani.

A cikin gida Barira ta fito da atamfar lefenta, ɗinkin Paulina, mata suna ta tambayar ko daga kasuwar Kwari aka sayo, don an daina ganin irin zanen. Jaririya na yawo daga hannu zuwa hannu, sai wata gwaggon Maharazu ta ɗaga zanen ta ga hoton da ke bayan nafkin. Ta ƙyalƙyale da dariya ta ce, "Jama'a ku zo ku ga, yarinya ta zo da alkamarta!" Ɗaki ya kaure. Kafin Barira ta ji kunya Iya ta karɓe zancen ta ce, "Ƙwarai kuwa. Yadin nan ya fi na kanti taushi, ba ya sa zafin fitsari. Mu nan gidan ba ma sayen abin banza." Paulina da Barira suka haɗa ido, kowacce ta kawar da kai.

Titus da iyalinsa sun tashi bayan suna da 'yan kwanaki, a amalanke biyu. Gidan nasu ba nisa, amma Iya, wadda ta saba hira da Paulina a bakin murhu, ta riƙe hannunta a zaure tana share ido, ta ce kullum ta riƙa leƙowa. Ɗaki ɗaya ya zama na Iya, ɗayan Barira ta koma ciki da jaririya, tsohon ɗakin ƙurya ya zama na ajiyar shinkafa.

Aka yi arba'in, aka gama wanka, Ibrahimu ya zo daga Bunkure don ya ɗauki mahaifiyarsa. Ya tarar da ita a tsakar gida, Ummulkhairi a bayanta, tana watsa wa wasu 'yan kaji tsaba. Ya ce, "Iya, mota na jira."

Ta ce, "Ka gaishe su. Ka ga kazar can? Jiya ta hau kwanci. Wa zan bar wa?"

Ibrahimu ya fito zaure ya faɗa wa Maharazu yadda suka yi. Maharazu ya yi dariya, ya ce ya bar ta. Ya raka shi bakin titi, daga nan ya wuce garejin Titus ya tambaya ko akwai ragowar waya da za a yi akurki.